Mastas, PGDE ko Koyon Sana'a: Wanne Ya Kamata Mai Digiri Ya Fara Kamawa?

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa ya dawo Katsina da takardarsa a cikin leda. Sati biyu ana ta zuwa barka. A na uku gida ya yi tsit, alawus ɗin nan na N77,000 da ya saba jin ƙarar shigarsa a waya duk ƙarshen wata ya ɗauke ɗif. Wata Juma'a bayan an sauko ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya jima yana tsinkar gefen tabarma, sannan ya ce, "Kawu, wai mi ya kamata in yi yanzu? Inna ta ce in koma mastas, abokaina kuma sun ce ɓata lokaci ne."

Fiziks ya karanta, ya fita da 2.2, wato matakin sakamako na uku, ƙasa da fas kilas da 2.1. Na fara da faɗin sakamakon ne saboda shi ne abin da mutane ke ɓoyewa idan sun zo neman shawara, alhali rabin amsar a cikinsa take. Abin da na faɗa masa a ranar, da abin da na ƙaro bayan na bi shi na ga yadda ta kaya, shi zan shimfiɗa a nan.

Mastas mabuɗi ne, amma ƙofofin da yake buɗewa ƙidayayyu ne. Babbarsu ita ce koyarwa a jami'a. Tsanin a bayyane yake: mai fas kilas ko 2.1 mai ƙarfi ana iya ɗaukarsa a matakin farko da digiri ɗaya, ya yi mastas ɗin yana cikin aiki. Wanda bai samu wannan ba sai ya zo da mastas a hannu kafin a dube shi a matsayin mataimakin lakcara, kuma ko ya shiga ba zai yi nisa ba sai da digirin dakta. Kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha ma suna fifita mai mastas. A jiharmu wuraren ba su da kaɗan: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da aka kafa a 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma ta 2011, Al-Qalam ta 2005, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, a Daura kuma ga kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri. Duk wanda zuciyarsa ke kan aji da allo da bincike, ba shi da wata hanya sai wannan, kuma gara ya tafi da wuri tun karatun yana da ɗumi a kansa, tun malamansa ba su manta fuskarsa ba idan ya je neman takardar shaida.

Sai dai ka lura da irin mastas ɗin da za ka cike. Akwai na bincike, irin su MSc da MA, wanda ake rubuta kundi mai nauyi a kare shi gaban malami daga wata jami'ar. Akwai kuma na ma'aikata, irin su MBA da MPA, wanda galibi a ƙarshen mako ake yi, ya fi tsada, ya fi saurin ƙarewa. Na biyun yana da amfani ga wanda ke cikin ofis yana neman ƙarin girma, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsa kai tsaye idan ka zo neman digirin dakta. Na ga wanda ya kashe kuɗinsa ya gama, sai da ya je sayen fom ɗin dakta aka ce masa ya koma baya. Mai 2.2 yawanci yana samun shiga na binciken. Mai ted kilas kuwa sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri, wato PGD, shekara guda ke nan ta ƙaru kafin ma a fara.

A takarda mastas shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu. A takarda na ce. Zaman aji ba shi ne matsala ba, zango biyu an gama. Kundi ne ke cinye mutum. Ni nawa, a wata jami'a da ba sai na ambata ba, babi na uku ya yi wata biyar a kan teburin malamin da ke duba mani. Ranar da na je na tarar an ɗora kofin shayi a kansa, zoben kofin ya fito raɗau a bangon, na san ba a buɗe ba. Ba mugunta ba ce, ɗalibai ne sun yi masa yawa, ga aji, ga taro, ga nasa binciken. Ƙara da yajin aikin malaman jami'a: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Don haka wanda zai shiga ya sa wa ransa shekara uku, idan ta zo ƙasa da haka ya yi hamdala. Kuɗin makaranta kuma shi ne ƙaramin abu a lissafin. Kuɗin mota ne, musamman ga mai zuwa Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya, sai data, sai buga kundi a sake bugawa duk lokacin da aka yi gyara, ɗan kimiyya kuma ga sinadarai da kuɗin gwaji a ɗakin bincike, duk daga aljihunsa.

To, wanda ba koyarwa yake so ba fa? A nan ne nake rabuwa da yayata. Ita a ganinta takarda biyu ta fi ɗaya, ko a ina. Amma mastas ba ya haifar da gurbin aiki inda babu. Aikin gwamnati da digiri ɗaya ake shiga, a matakin albashi na 08, kuma abin da mastas zai ƙara maka a farkon shiga bai kai wahalar shekara uku ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa jarrabawarsu suke yi, su duba shekarunka. Da yawan samarinmu da ke komawa mastas, idan ka zauna da su ka tona, ba son karatun ne ya mayar da su ba. Tambayar nan ce ta gidan biki da wurin ta'aziyya, "Yanzu ina kake aiki?" Wanda ya ce yana mastas ya samu amsar da za ta rufa masa asiri shekara uku. Ranar da ya gama tambayar na nan tana jiransa a ƙofar gida, shi kuma ya ƙara tsufa.

Batun fita waje ba zan daɗe a kansa ba, don ga yawancinmu lissafin gajere ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura N1,500. Wanda ba gidan masu hali ya fito ba, sai tallafi. Chevening na Ingila mastas ne na shekara ɗaya da suke biyan komai, amma suna neman gogewar aiki ta shekara biyu, kuma dole ka dawo gida bayan ka gama. Tallafin asusun gwamnati na PTDF na ɓangaren man fetur da makamashi ne, kuma 2.1 suka fi nema. TETFund kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantu da na ji yara suna ta ambato, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, sai kana ciki ake ɗaukar nauyinka, kuma tun farkon 2025 ya dakatar da tura masu karatu waje. Ka ga ke nan biyu daga cikin ukun aiki suke tambaya tukuna. Mai fas kilas ko 2.1 ya nemi tiranskirif ɗinsa, wato takardar makin darussan da ya yi, tun yanzu, don fitar da shi kan ɗauki lokaci, ya yi fasfo, ya fara shirin jarrabawar Turanci ta IELTS. Ɗan yayata da 2.2 ɗinsa na ce masa kada ya gina gida a kan wannan.

Hanya ta biyu ita ce gajeriyar takarda mai ba ka lasisin wani aiki takamaimai. Lauya da likita da mai haɗa magunguna an riga an shata masu tasu, babu abin tattaunawa. Injiniya ya san rajistar COREN, hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi, na gabansa. Wanda ya karanta akanta, takardar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN da aka kafa a 1965 ko ANAN mai kwaleji a Kwall kusa da Jos ta fi masa mastas daraja a kasuwar aiki nesa ba kusa ba, kuma ICAN ana iya yinta mataki-mataki mutum yana wani aikin, ko da yake faɗuwa a cikinta ba abin kunya ba ne don ta kayar da gwanaye.

Wadda ta fi shafar jama'a ita ce PGDE, difloma ta koyarwa ga wanda digirinsa ba na ilimi ba ne. Wajen shekara guda ce, jami'o'i suna yi, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma tana yi ta hanyar cibiyoyinta a ƙarshen mako. Da ita ne za ka zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, ka zama malami a idon doka. Mutane suna raina ta, ni kuwa ina ganin ita ce takarda mafi arha da ke da kasuwa a jiharmu. A 2023 gwamnatin jiha ta ɗauki malamai sama da 7,000 bayan an yi masu jarrabawa. Malamin Fiziks da Lissafi da Kemistiri kullum nemansa ake. Garin nan ma ai da malanta aka san shi: Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka gina ta, kuma Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk alli suka fara riƙewa bayan sun fito daga cikinta.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Kafin a samu na gwamnati, makarantun kuɗi ne mafaka, kuma da yawansu abin da suke biya bai kai mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa hannu a kansa a 2024 ba. Amma malanta tana da wani alheri da aikin banki ba shi da shi: ana tashi da azahar. Yammacinka naka ne, hutun zango naka ne. 'Yar maƙwabcinmu da ta karanta Bayoloji ta yi PGDE tana goyo, yanzu da safe tana aji, da yamma tana kan keken ɗinki a ɗakinta. Da mastas ta shiga a wannan halin, da har yau tana bin babi na biyu.

Sai ta uku, wadda ta fi kowacce wuyar haɗiya ga mai digiri, ba don wahalarta ba, don abin da za a ce. Koyon sana'a yana nufin ka koma yaron wani. Ɗan yayata na kai shi wurin wani mai haɗa sola da na sani a wajen Ƙofar Ƙaura, mutumin da sakandare kawai ya gama amma ya shekara goma yana hawa rufin mutane. Ya dubi yaron sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, masu digirin nan ba su jimawa. Ranar da na ce ya ɗauko tsani zai ce yana da uziri." Na ce a gwada. Satin farko tsanin ya ɗauka, ya share shago, ya sayo kunu. Ya dawo gida ya ce mani wani abokin karatunsa ya wuce a mota ya gan shi da batir a ka. Na ce masa girman kai rawanin tsiya, batir kuma ba ya cizo.

Me ya sa sola? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya gagari mai shago da mai gida. Duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar da ke kawo mana, ya sa har waɗanda ke ja da baya suka nemi faranti ko da guda biyu ne. Mai sayar da ruwan sanyi, mai cajin waya, masallaci, asibitin unguwa, manomin rani mai famfo, duk kwastomomi ne, kuma a ƙofar gida suke.

A wata na uku na ga inda digirin ya yi rana. Wani magidanci ya zo yana son fanka 3, ƙwan fitila 10 da firji su kwana a kunne, ya ce batir biyu zai iya saye. Yaron ya ja kwalin inbata ya juya bayansa ya fara rubutu da biro. Fanka wat 70 sau 3, 210. Ƙwai wat 10 sau 10, 100. Firji a bar shi a 150. Jimla 460. Awa 8 na dare, 3,680 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 a rubuce 2,400 yake ɗauka, amma irin na ruwan nan idan kana son ya yi ƙarko rabi za ka riƙa sha, 1,200. Ya ce, "Baba, biyu ba za su kai ka asuba ba. Ko ka yi huɗu, ko ka riƙa kashe firjin da dare, in ba haka ba kafin shekara ka sake sayen batir." Maigidan nasa yana gefe yana jinsa. Shi ma ya san amsar, amma da ido da gogewa ya san ta, bai taɓa iya zayyana wa kwastoma ita a rubuce ba. Shi kuma yaron akwai abin da jami'a ba ta koya masa ba: yadda ake taka kwano a watan Afrilu ba tare da ya lotsa ko ya ƙona ka ba, yadda ƙurar hunturu ke rufe faranti ta rage masa ƙarfi, yadda ake gane wayar da aka cuɗa da ƙarfe daga ta jan ƙarfe zalla tun a hannu, da yadda ake karɓar kuɗi wurin ɗan'uwa da ya ce a yi masa aiki sai an yi albashi. Wannan na ƙarshen ya fi Fiziks wuya.

Kada a ɗauka sana'a ba ta da nata ramin. Wata shida zuwa shekara za ka yi ba ka da abin kirki sai na sabulu. Idan ka ƙware kuma jari zai tare ka: mita, na'urar huda bango, tsani, babur. Babu fansho, babu albashin ranar da ka kwanta ciwo. Akwai wuraren da ke rage nauyin, kamar Ƙauyen Koyon Sana'o'in Matasa da aka kafa zamanin Gwamna Shema, da hukumar KASEDA ta masu ƙananan sana'o'i da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa, shi da ya taɓa shugabantar SMEDAN, takwararta ta tarayya. Masu bautar ƙasa kuma suna da shirin koyon sana'a na SAED tun 2012, wanda yawancinsu barci suke yi a lakcarsa a sansani, sai an gama su tuna da shi. A nema, a cike fom, a yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don akan tambaye ta. Amma kada mutum ya zauna jiran tallafi kafin ya fara, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sana'ar kwamfuta daban take, kuma ita ce yara suka fi ɗoki. Rubuta manhaja, nazarin alƙaluma, zane, tsaron intanet. Gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 don koyar da irin waɗannan kyauta, kuma akwai darussa birjik a YouTube. Wanda ya karanta Lissafi ko Kididdiga ko Kimiyyar Kwamfuta, nan ne gonarsa. Sai dai ta fi sola buƙatar haƙuri, don mai sayenta ba a Katsina yake ba, yana Abuja ko Legas ko wata ƙasar, kuma kana gasa da duniya ne gaba ɗaya. Tana son kwamfuta mai lafiya, data, wuta, da Turancin da za ka rubuta wa baƙo saƙo ya gane. Satifiket ɗin wata uku ba ya sayuwa a nan, aikin da ka yi da hannunka za a ce ka nuna. Duk cibiyar da ta ce ka biya ta koya maka ka fara cin dala cikin sati shida, riƙe kuɗinka. Noman rani kuwa, a Zoɓe ko Jibiya ko Sabke ta wajen Daura, mai digirin noma da ke da gonar gado kusa da ruwa ya fi ni sanin abin yi, illa dai a wasu yankunan sai an duba tsaro kafin a duba taki.

Da muka baje duka ukun a tabarma, abin da na ce masa ya auna da shi ɗaya ne: wanne ne ke lalacewa idan aka ajiye shi? Tallan aikin banki da na kaki suna sa iyakar shekaru, galibi tsakanin 26 da 30, wannan ba ya jira. Ƙarfin hawa rufi da juriyar zama yaron wani ba sa jira, ranar da ka yi aure aka haihu ba za ka iya wata shida babu kuɗin cefane ba. Mastas kuwa babu wanda zai ce ka tsufa da shi. Ajinmu akwai mai furfura da ya kusa ritaya, kuma ya riga mu gamawa don shi da kuɗin motarsa. Wanda ya shiga mastas da abin yi a hannu, jinkirin kundi ɓacin rai ne kawai gare shi. Wanda ya shiga hannu rabbana, kowane wata na jinkirin bashi ne a wuyan iyayensa. Inda na ware kawai shi ne mai sakamako mai ƙarfi da ke son bincike tsakani da Allah, da wanda ya samu mai ɗaukar nauyinsa. Su kam su wuce, kada su tsaya saurarena.

Shi dai ya zaɓi haɗa biyu, duk da na gargaɗe shi cewa taura biyu ba ta taunuwa sai ɗaya ta zama ƙarama. Litinin zuwa Alhamis yana shago, ƙarshen mako yana ajin PGDE. Ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta, kuma watan jiya shi ya biya kuɗin zango na biyu da kansa. Yayata har yanzu ba ta huce da ni ba. Rannan na shiga gaishe ta na tarar da baƙi mata a tsakar gida, ɗaya ta tambaye ta ina yaron yake yanzu. Ta harare ni ta gefen ido, ta gyara mayafi, ta ce, "Yana ƙaro karatu." Fankar da ke kaɗa su a rumfar, shi ya haɗa mata ita.